Jari a Kan Ƙanjamau: Kamfanonin Binciken Magunguna, Kasuwar Ganye da Saiwa, da Aljihun Mai Hannun Jari

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun wasu kamfanoni, galibinsu na Amurka, da suka karɓi kuɗin jama'a a kasuwar hannayen jari bisa alkawarin samar da maganin ƙanjamau, da kuma waɗanda suka haɗa wannan alkawari da sayar da kayan ƙarin lafiya, wato bitamin da garin ganye da tsimin saiwoyi da ake ɗurawa a kafso. Hujjarta ita ce sana'o'in nan biyu ba doka ɗaya ke tafiyar da su ba. Mai magani sai ya kawo shaida kafin ya sayar. Mai kayan ƙarin lafiya kuwa yana sayarwa ba tare da shaidar komai ba, muddin bai furta cewa hajarsa na warkarwa ba. Duk inda aka gan su a inuwa guda, mai saka kuɗi na da dalilin tambayar abin da kamfanin ke sayarwa a zahiri.

Inda ribar take

A watan Maris na 1987 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da AZT, maganin farko da aka samu na rage kaifin ƙwayar cutar HIV. Kamfanin Burroughs Wellcome ya yanka masa kuɗi kusan dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. A Satumbar 1989 wasu 'yan ƙungiyar masu fafutukar ƙanjamau ta ACT UP suka yi shiga irin ta dillalai, suka kutsa kasuwar hannayen jari ta New York, suka ɗaure kansu da sarƙa a wani bene, sannan suka saki ƙyalle mai kiran jama'a su rabu da hannun jarin Wellcome. Ba a yi mako ba kamfanin ya zabtare kashi 20 cikin ɗari na farashin. Masu zanga-zangar sun gane abin da likitoci da yawa ba su lura da shi ba a lokacin, cewa makomar maganin tana hannun masu jari kamar yadda take hannun masu bincike.

Labarin da ke kwaɗaitar da kowane mai zuba jari a wannan fanni shi ne na Gilead Sciences. An kafa shi a California a 1987, ya shiga kasuwar hannayen jari a 1992, ya kuma shafe fiye da shekara goma yana cin asara. Sinadarin da ya fito da shi daga rami, tenofovir, ba ma a ɗakin gwajinsa aka fara haɗa shi ba. Aikin Antonín Holý ne a birnin Prague tare da Erik De Clercq na Beljiyam, Gilead lasisi ya karɓa. An amince da shi a 2001. A 2003 kamfanin ya sayi Triangle Pharmaceuticals a kan dala miliyan 464 don ya mallaki emtricitabine, ya haɗa magungunan biyu a ƙwaya guda mai suna Truvada a 2004. Ƙwayarsa Biktarvy kaɗai ta kawo masa dala biliyan 13.4 a 2024, cinikin magungunansa na HIV gaba ɗaya kuma ya kai dala biliyan 19.6 a waccan shekara.

Babban abokin gogayyarsa shi ne ViiV Healthcare, wanda GSK da Pfizer suka kafa a 2009, Shionogi na Japan ya shigo a 2012. Shi ne mai dolutegravir, ginshiƙin ƙwayar nan da yawancin masu shan magani a asibitocin Afirka ke karɓa yanzu. Idan aka ƙara Merck da Johnson & Johnson, kusan an gama lissafin masu cin kasuwar. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai kuɗi ya riƙe: duk da cewa mutum miliyan 40.8 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar a ƙididdigar UNAIDS ta 2024, ribar tana hannun gidaje ƙalilan ne, kuma dukkansu manya.

Waɗanda ba a ba da labarinsu

Ƙungiyar kamfanonin fasahar halittu ta Amurka, BIO, ta bi diddigin magungunan da aka gwada tsakanin 2011 da 2020, ta gano cewa kashi 7.9 cikin ɗari ne kacal na waɗanda suka shiga matakin farko na gwaji a kan mutane suka kai ga samun amincewa, kuma tafiyar na ɗaukar fiye da shekara goma. Ke nan a cikin kowane magani goma sha uku, goma sha biyu a hanya suke kwana.

VaxGen na daga cikinsu. Don Francis, sanannen masanin annoba, na cikin waɗanda suka kafa shi, kuma allurar rigakafinsa, AIDSVAX, ita ce ta farko da ta kai mataki na uku. An gwada ta a kan mutum kusan 5,400 a Arewacin Amurka da Holan. Da sakamako ya fito a Fabrairun 2003 sai ga shi ba ta kare kowa ba, hannun jarin kuwa ya rasa kusan rabin darajarsa a wuni guda. Abin lura shi ne yadda kamfanin ya gabatar da labarin. Maimakon ya tsaya a kan cewa allura ta gaza, sai ya zaƙulo wani ɗan rukuni na baƙaƙen fata da 'yan Asiya daga cikin waɗanda aka gwada, ya ce a cikinsu an ga alamar kariya. Masana lissafi suka ce yawansu bai kai a gina hukunci a kai ba. Wannan dabara ta tsamo nasara daga cikin faɗuwa ba ta mutu da VaxGen ba, har gobe ana ganinta a sanarwar ƙananan kamfanoni. Manyan ma ba su tsira daga rigakafin ƙanjamau ba: Merck ya dakatar da gwajinsa a 2007, Johnson & Johnson ya rufe nasa na ƙarshe a Janairun 2023.

Akwai kuma wanda maganinsa ya yi aiki amma kasuwa ta ƙi shi. Fuzeon na kamfanin Trimeris ya samu amincewa a 2003, kuma ya ceci marasa lafiyar da sauran magunguna suka daina yi musu aiki. Sai dai gari ne da ake damawa da ruwa a yi allurarsa sau biyu kullum, yana barin ƙulli mai ciwo a fata, haɗa shi na buƙatar matakai fiye da ɗari, kuɗinsa kuma kusan dala 20,000 a shekara. Da ƙwayoyin haɗiya irin su darunavir da raltegravir suka fito a 2006 da 2007, sai marasa lafiya suka ajiye sirinji. A 2011 Trimeris ya narke cikin wani kamfani.

To da me kamfanin da ba ya sayar da komai yake biyan albashi da kuɗin gwaji? Da sabbin hannayen jari. Duk sanda asusu ya yi ƙasa sai ya buga wasu ya kai kasuwa, kamar mai koko da ke ƙara ruwa a tukunya idan masu saye sun ƙaru: ludayin kowa na nan a cike, amma abin da ke cikinsa ya tsinke. Wanda ya shiga da wuri zai iya wayar gari ya tarar maganin ya yi nasara, shi kuwa rabonsa a kamfanin bai taka kara ya karya ba.

Daga daji zuwa ɗakin gwaji

Ba da wasa masana suka nemi maganin ƙanjamau a tsirrai ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1980 Cibiyar Binciken Sankara ta Amurka ta tura masu tattara ganye da ɓawo zuwa dazuzzukan duniya. A Sarawak ta ƙasar Malesiya an samo calanolide A daga wata bishiya da aka ɗebi samfurinta a 1987. Da gwaji ya nuna tana hana ƙwayar cutar hayayyafa, aka koma neman ƙari, sai aka tarar an sare bishiyar. Daga baya gwamnatin Sarawak ta haɗa jari da wani kamfanin Amurka, aka yi gwajin farko a kan mutane, amma maganin bai taɓa shiga kasuwa ba. A dajin Korup na Kamaru an samo michellamine B daga wani tsiro mai yaɗo, shi ma ya yi aiki a kwalbar gwaji, sai dai gubarsa ga dabbobi ta sa aka jingine shi.

Labarin da ya fi dacewa da wannan maƙala shi ne na Shaman Pharmaceuticals, wanda Lisa Conte ta kafa a California a 1989. Tunaninta mai kyau ne: maimakon a bi tsirrai dubbai a makance, a je a tambayi masu maganin gargajiya abin da suke ba mutane. A yankin Amazon aka nuna musu wata bishiya, Croton lechleri, mai jan ƙaro kamar jini, wadda mutanen wurin ke sha don gudawa. Daga wannan ƙaro aka tace sinadarin da yanzu ake kira crofelemer, aka gwada shi a kan masu ƙanjamau da gudawa ta addaba. A farkon 1999 FDA ta nemi a ƙara wani gwajin, kamfanin kuwa ba shi da kuɗinsa. Sai ya juya akala, ya ɗura tsimin bishiyar a kwalba ya fara sayarwa a matsayin kayan ƙarin lafiya, tunda wannan hanya ba ta buƙatar amincewar hukuma. Cinikin bai riƙe shi ba. A 2001 Shaman ya durƙushe, masu hannun jarinsa suka tashi a tutar babu.

Conte ba ta haƙura ba. Ta kafa Napo Pharmaceuticals ta ci gaba da aikin, har FDA ta amince da crofelemer a ranar ƙarshe ta 2012, shekara ashirin da uku bayan kafa Shaman. Shi ne maganin sha na farko daga tsimin tsiro da hukumar ta amince da shi a ƙarƙashin tsarinta na magungunan tsirrai. A lura, ba ya taɓa ƙwayar cutar, gudawa kawai yake tsayarwa ga masu shan maganin HIV. Jaguar Health, kamfanin da ke riƙe da shi yanzu da sunan Mytesi, cinikinsa na shekara a 2023 da 2024 ya tsaya wajen dala miliyan 10 zuwa 12, asararsa kuma kusan miliyan 40. Da yake kasuwar Nasdaq ba ta yarda farashin hannun jari ya daɗe ƙasa da dala ɗaya, sai ya dinga dunƙule hannayen jarinsa: 70 suka koma ɗaya a 2019, 75 suka koma ɗaya a 2023, 60 suka koma ɗaya a 2024. Waɗannan ukun kaɗai sun isa su mayar da hannun jari 315,000 ƙwaya guda. Maganin na gaske ne, binciken na gaske ne, amma mai ƙaramin jari bai ga tsuntsu bai ga tarko ba.

Najeriya ma tana da nata makamancin wannan, ko da yake a kan cutar sikila ne. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, NIPRD, ta haɗa Niprisan daga wani haɗin gargajiya mai ɗauke da masoro da kanumfari da ganyen karan dafi da wani ice, ta gwada shi, sannan a 2002 aka ba Xechem International na jihar New Jersey lasisinsa. An ƙaddamar da shi da sunan Nicosan a 2006. Shekara biyu bayan haka Xechem ya karye, maganin ya yi ɓatan dabo daga kantuna na tsawon shekaru.

Doka biyu a gida ɗaya

Abin da ya buɗe wa Shaman waccan ƙofar shi ne dokar kayan ƙarin lafiya da majalisar Amurka ta yi a 1994, wadda Sanata Orrin Hatch da Sanata Tom Harkin suka ɗauki nauyinta. A ƙarƙashinta ba a buƙatar amincewar FDA kafin a kai haja kanti. Mai ita zai iya rubuta cewa tana ƙarfafa garkuwar jiki, amma ba zai ce tana maganin wata cuta ba, kuma dole ya rubuta a jikin kwalba cewa hukuma ba ta tantance iƙirarinsa ba. Hukumar NAFDAC ta Najeriya ma tana da irin wannan rajista ga magungunan gargajiya, wadda lambarta ke ƙarewa da harafin L. Tana nufin an duba cewa abin ba guba ba ne, ba wai an tabbatar yana warkarwa ba, bambancin da masu tallar lasifika a tasha ba sa ɓata bakinsu wajen bayyanawa.

A nan ne ƙaramin kamfani mai ƙafa biyu yake samun wurin wasa. A sashe ɗaya na takardunsa yana cewa yana binciken maganin HIV, a ɗaya sashen yana sayar da kafson ƙarfafa garkuwar jiki. Bai taɓa cewa kafson na maganin ƙanjamau ba, amma ya ajiye kalmomin biyu kusa da juna yadda mai karatu zai haɗa su da kansa. Wanda ya ƙetare iyaka yana gamuwa da hukuma, kamar yadda FDA da hukumar kula da ciniki ta Amurka suka aika takardun gargaɗi a Mayun 2011 ga masu sayar da kayan da suke cewa suna maganin HIV da sauran cututtukan jima'i.

Shin kayan ƙarin lafiya ba su da wani amfani ke nan ga mai ɗauke da ƙwayar cutar? Binciken da aka yi ya ba da amsa mai fuska biyu. A Darussalam ta Tanzaniya an bi mata masu juna biyu 1,078, aka buga sakamako a 2004 cewa bitamin ya jinkirta tsanantar cutar, a lokacin da maganin gaske bai wadata ba. Amma da aka gwada bitamin mai yawa a kan masu shan magani a wannan birni, sakamakon 2012 ya nuna babu ƙarin amfani, sai ma alamun wahalar hanta da suka sa aka tsayar da gwajin kafin lokaci. Wasu kayan kuma kishiyar maganin ne kai tsaye. Masu bincike a Amurka sun nuna a 2000 cewa ganyen St John's wort na rage yawan indinavir a jini da kashi 57 cikin ɗari, daga baya kuma aka nuna cewa kafson tafarnuwa na rage saquinavir da kusan rabi. Hatta ƙwayar ƙarin jini da ta ƙarfin ƙashi suna riƙe dolutegravir a hanji, shi ya sa likitoci ke raba lokacin shansu idan ba da abinci za a sha ba.

Afirka ta Kudu ta ga ƙarshen wannan hanya. Matthias Rath, likita Bajamushe mai kamfanin bitamin, ya shiga unguwar Khayelitsha a Cape Town wajen 2005 yana raba hajarsa yana kushe magungunan HIV, a zamanin da ministar lafiya Manto Tshabalala-Msimang ke yabon tafarnuwa da lemon tsami. Sai a Yunin 2008 kotu ta haramta masa gwaje-gwajensa da tallarsa. Masu bincike na jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin raba magani a waɗancan shekaru ya ci rai fiye da 330,000. Mai saka kuɗi a irin wannan kamfani ba asarar dukiya kaɗai ke gabansa ba, akwai alhakin rai.

Idan hajar kamfani ita ce hannun jarinsa

CytoDyn na jihar Washington yana da magani na gaske a hannu, leronlimab, allurar da ke toshe ƙofar CCR5 da ƙwayar cutar ke bi ta shiga ƙwayoyin garkuwar jiki. Shugabansa, Nader Pourhassan, ya mayar da fitowa a bidiyo sana'a, yau maganin na HIV ne, gobe na sankara, jibi na korona. A Afrilun 2020 ya sanar cewa kamfanin ya miƙa wa FDA cikakkiyar takardar neman amincewa. Hannun jarin da bai kai dala ɗaya ba a ƙarshen 2019 ya haura har ya taɓa dala goma a Yunin 2020, shi kuwa ya riga ya sayar da nasa na kusan dala miliyan 16. A Yuli FDA ta ƙi ko karɓar takardar saboda ba ta cika ba. An sallame shi a Janairun 2022, a Disambar 2024 kuma kotun tarayya ta same shi da laifin damfarar masu zuba jari.

Labarin Enochian Biosciences ya fi kama da almara. Kamfanin na Los Angeles ya gina alkawarin warkar da HIV a kan dabarun ɗaya daga cikin masu kafa shi, Serhat Gumrukcu, ɗan ƙasar Turkiyya da ake gabatarwa a matsayin haziƙin likita. Shugaban kamfanin kuwa Mark Dybul ne, tsohon jagoran shirin Amurka na yaƙi da ƙanjamau, PEPFAR, da asusun tallafi na Global Fund, sunan da zai kwantar wa kowa hankali. A Mayun 2022 aka kama Gumrukcu bisa zargin ɗaukar hayar makasa su halaka wani tsohon abokin kasuwancinsa a Vermont. Bayan 'yan kwanaki kamfanin bincike na Hindenburg ya wallafa cewa takardun likitancinsa na jabu ne, kuma a da mai wasan rufa-ido ne. Enochian da kansa ya kai shi ƙara bisa ƙirƙirar sakamakon gwaji, kotu kuma ta same shi da laifin kisan a 2025. Babban suna a kujerar shugabanci bai maye gurbin sakamakon gwaji ba.

Mai saye daga gida

A da wannan zance na mutanen New York ne. Yanzu matashi a Kano ko Kaduna na iya sayen hannun jarin Amurka daga wayarsa ta manhajoji irin su Bamboo da Trove, kuma hannun jarin da kuɗinsa bai kai dala ba shi ne ya fi jan ido, don ana ganin kamar araha ne. Mai neman jarin da ya dace da shari'a yana da ƙarin aiki: ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya iyakance bashin ruwa da ajiya mai ruwa a kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani, ƙananan kamfanonin bincike da yawa kuwa dukiyarsu kusan duka ajiya ce a takardun lamuni.

Akwai kuma wani lissafi da ake yawan yin kuskurensa, na cewa tunda masu cutar sun fi yawa a Afirka, to nan ne kasuwar take. Marasa lafiya na Afirka, riba na Amurka da Turai. Tun da Yusuf Hamied na kamfanin Cipla ya yi tayin magunguna uku a kan dala 350 a shekara a 2001, farashi a ƙasashe matalauta ke ta sauka, har ƙwayar da ke ɗauke da dolutegravir ta koma ƙasa da dala 45 a shekara a 2023. Masu saye kuma ba marasa lafiya ba ne, PEPFAR ne da Global Fund da gwamnatoci, kuma dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025 ya nuna yadda wannan kasuwa ke rataye da siyasa.

Lenacapavir na Gilead ya ƙara ɗaga katangar. Allurar kariya ce sau biyu a shekara, kuma a gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu da Yuganda ba a samu ko mace ɗaya da ta kamu ba cikin 2,134 da aka yi wa. A Amurka kuɗinta dala 28,218 ne a shekara, amma kamfanonin Indiya da aka ba lasisi sun amince su sayar da ita dala 40 ga ƙasashe 120 daga 2027. Duk ƙaramin kamfanin da ya zo da sabon alkawari, da wannan zai yi gogayya.

Hanyar tantancewa kuwa kyauta ce. Kusan kowane gwaji na ƙwarai a Amurka yana da rajista a shafin ClinicalTrials.gov, inda za a ga matakinsa da yawan mutanen da aka sa a ciki da ranar da ake sa ran kammalawa, kamfanin da ba a samu sunansa a can ba maganarsa ta tsaya a baki. Rahoton shekara na kowane kamfani mai rajista a Amurka kuma yana rumbun EDGAR na hukumar kula da kasuwar hannayen jari, SEC, kuma a can ne ake ganin kuɗin da ya rage a asusu, da yawan hannayen jarin da aka buga bara da bana, da abin da shugabanni suka sayar na kansu. A cikin rahotannin CytoDyn, masu binciken kuɗi sun shafe shekaru suna rubuta cewa akwai babban kokwanto ko kamfanin zai iya ci gaba da aiki, tun kafin hannun jarinsa ya taɓa dala goma.